Zaɓen Hanyar Ƙidayar Takardun Haƙƙin Ƙirƙira na Jami'a

Duk ofishin da aka ɗora wa alhakin gano takardun haƙƙin ƙirƙira (patent) da suka samo asali daga binciken malamai, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ko a wata makamanciyarta, ya kamata ya fara tsai da shawara kan hanyar ƙidaya kafin ya biya ko sisi don shiga wani rumbun bayanai.

Mafi arha ita ce neman sunan jami'ar a gurbin mai takarda a shafukan binciken irin waɗannan takardu kamar Espacenet ko PATENTSCOPE ko Google Patents, waɗanda duk kyauta ne. Tana da sauri, sai dai takan tauye lissafi, domin aikin da malami ya yi tare da kamfani galibi da sunan kamfanin ake yi masa rajista. A Amurka, inda dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bai wa jami'o'i damar mallakar abin da aka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, hanyar tana biyan buƙata, amma a Suwidin, inda haƙƙin yake hannun malamin, kaɗan take kamawa.

Ni dai na fi gamsuwa da daidaita sunayen masu ƙirƙira da jerin ma'aikatan jami'a, duk da wahalarta. A wajenmu mutum guda kan fito a matsayin Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, a wata kuma harafin M kawai, ga kuma ɗimbin masu suna iri ɗaya. Saboda haka dole a samu wanda ya san malaman ya zauna ya tantance kowane suna da sashensa da fanninsa, sannan a tuntuɓi malamin ya tabbatar.

Akwai kuma hanyar amfani da manhajar Lens don ganin takardun da suka ambaci binciken malami, sai dai wannan hanya tasiri take aunawa, ba mallaka ba.

Kafin a biya kuɗin rumbun bayanai irin PATSTAT ko Derwent, a nemi mai sayarwa ya nuna ko rumbun ya ƙunshi rajistar da ake yi a Abuja ƙarƙashin dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970. A kuma sani cewa wannan doka ba ta bayar da takarda a kan irin shuka, don haka masarar SAMMAZ da waken SAMPEA na cibiyar binciken noma ta Samaru ba za su shiga wannan ƙidaya ba. Sai a buɗe musu nasu lissafin daban.