Hoton jijiyoyin ido na OCTA: yadda ta kasance da ni

Shekara 11 ke nan ina fama da ciwon suga, kuma duk shekara sai an duba mini bayan ido, domin ƙananan jijiyoyin jinin da ke wurin suna cikin waɗanda ciwon yake fara ci a ɓoye. A da, hoton rini ake yi mini: a huda jijiyar hannu a zuba ruwan, zuciya ta riƙa tashi, fitsari ya koma ruwan ɗorawa har washegari.

Bana, a wani asibitin ido mai zaman kansa a Kano, likita ta ce a gwada OCTA. Babu allura ko ɗaya. Na'urar tana haska wuri guda sau da yawa a jere, duk inda ta ga motsin ƙwayoyin jini sai ta zana jijiya a nan. Na ɗora haɓa, na jingina goshi, na kafa ido a kan ɗan haske, cikin daƙiƙu kaɗan an gama.

Hoton farko bai yi ba. Na ƙifta ido, sai ga layuka sun ratsa shi, jijiyoyin sun kakkarye. Yaron da ke kan na'urar ya ce, "Baba, a ɗan daure mini." Ya ɗiga mini maganin bushewar ido, ya gyara tsayin kujera, ya ɗauka har sau huɗu, kwamfuta ta haɗa su wuri ɗaya. Wannan haƙurin nasa ne ya fi burge ni, don wani da ya miƙa na farkon ya kira na gaba. Da hoton ya fito, jijiyoyin da ba su kai silin gashi kauri ba suka bayyana tamkar saƙar gizo-gizo. Likita ta ɗora biro a kan wani ɗan fili baƙi kusa da tsakiya, ta ce nan jini ya daina shiga. Jikina ya yi sanyi, amma tun ranar ban ƙara wasa da magani ba.

Shi ma OCTA yana da tasa gazawar. Galibi ɗan wuri yake ɗauka, milimita 3 ko 6, kuma ba ya nuna inda jijiya ke yoyo, saboda haka hoton rini yana nan daram. Mai yanar ido mai kauri ma hotonsa dishi-dishi zai fito. Kuɗin kuma da nauyi ga ɗan fansho.

Bayan wata 6 zan koma, kuma na roƙi a ɗauki daidai wurin nan don a gwada da na yanzu.