Gwanjon eBay ko Haraj, wanne ya fi mana sauƙi a Jidda?

Jama'a kar arahar gwanjo ta ruɗe ku. A eBay, shafin gwanjo na intanet, zaka ga agogo dala 10, ka taya ka ci, sai kuɗin aikowa ya fito dala 40, riyal 150 kenan fa, akan ɗan kwalin da bai kai tafin hannu ba, a kuɗin aikowar ne mai kayan ya ɓoye ribarsa. Ga harajin kashi 15 cikin ɗari, ga jira har ka manta.

A Haraj kuwa, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, mai kayan yana unguwar Bawadi ko Sharafiyya a nan Jidda, ku haɗu bayan la'asar ka jujjuya kayan da hannunka, a yi ciniki ka biya. Ni dai nan nake zuwa. Sai abinda babu shi a Saudiyya, irin tsohuwar kyamara, shi ne nake komawa eBay da kalkuleta a hannu.