Takardar tara ta same ni har gida a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyali. Ka tambaye ni yadda sha'anin tuƙi yake a nan Ingila, tun da yaron wajenka yana shirin zuwa karatu, sai na ga babu amsar da ta fi in ba ka labarin abin da ya same ni kwanakin baya.

Wata safiya na tarar da ambulan a ƙofar gida daga 'yan sandan yankinmu. A ciki an rubuta lambar motata da sunan titi da rana da lokaci har zuwa minti, aka ce kyamara ta ɗauke ni ina gudun mil 36 a awa a inda doka ta ƙayyade mil 30, wato kusan kilomita 48. Na daɗe tsaye da takardar a hannu ina neman tuna ranar, domin babu wanda ya ɗaga mini hannu, babu wanda ya busa usur. A gida jami'in hukumar kiyaye haɗurra ne zai tsayar da kai a gefen hanya, ku yi ido da ido, ya karɓi lasisi da takardun mota, ka kawo uzurinka, ya ji ko ya ƙi ji. Nan kuwa ba ka da wanda za ka ba haƙuri, kuma girmanka ko sanayyarka ba su shiga lissafi.

Doka ta ba su kwana 14 su aika wa mai motar sanarwa, shi kuma tana ba shi kwana 28 ya faɗi wanda ke riƙe da sitiyari a lokacin. Wanda ya yi shiru ya jawo wa kansa laifin da ya fi na gudun nauyi, domin ana iya rubuta masa maki 6 na hukunci, wato alamar laifin tuƙi, a lasisi tare da tarar da za ta kai fam 1,000. Wanda ya yi ƙarya kuwa gidan yari yake nema. A 2013 kotu ta yanke wa Chris Huhne, tsohon ministan makamashi, ɗaurin wata 8 saboda ya sa matarsa ta ɗauki laifin gudun da shi ya yi tun 2003, ita ma aka ɗaure ta. Na cike takardar da sunana a daren, na mayar musu.

Mafi ƙarancin hukunci shi ne fam 100 da maki 3. Da yake abin da na ɗora a kan ƙa'ida kaɗan ne, kuma ban halarci bitar da ake yi wa masu gudun wuce ƙa'ida ba cikin shekara 3 da suka wuce, sai aka ba ni zaɓin zaman bitar a madadin makin, na biya kuɗin da ya yi kusa da na tarar. Ta intanet muka yi, kimanin awa uku, kowa a ɗakinsa shi kaɗai da kyamarar kwamfuta a kunne. Na shiga raina a ɓace, ina ganin mil 6 ba abin tashin hankali ba ne, har sai da malamar ta nuna mana tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya: mita 23 idan ana gudun mil 30, mita 36 idan ana mil 40. Titin da aka kama ni a kai akwai makarantar firamare, kuma na sha ganin yara suna tsallakawa da jakunkuna a baya. Wannan mita 13 ita ta hana ni barci a daren, ba kuɗin da na biya ba. A ganina wannan bita abin koyi ce a gare mu, domin tara tana ƙarewa ranar da aka biya ta, amma wanda aka zaunar aka nuna wa lissafin birki yana sassauta ƙafa ko babu mai kallonsa.

Abin da ya sa kowa ke gudun maki shi ne suna zama a kundin lasisi shekara 4, kamfanonin inshora kuma yawanci suna tambayar tarihin shekara 5 su ƙara wa mutum kuɗi a kansa. Wanda ya haɗa maki 12 cikin shekara 3, akasari wata 6 ake hana shi tuƙi. Na sabon direba ya fi tsanani, kuma nan ne ya shafi yaronmu: lasisin Najeriya wata 12 kawai zai yi masa aiki, daga nan sai ya ci jarrabawar tuƙi ta nan, idan kuma ya tara maki 6 cikin shekara 2 na farko, an soke lasisin ke nan, sai ya sake jarrabawa daga tushe.

Don Allah ka gaya masa titin cikin gari mai fitilun hanya mil 30 ne sai in allo ya nuna wani abu dabam, kuma unguwanni da yawa sun koma mil 20. Sannan duk ranar da ya sauya gida ya sanar da DVLA, wato hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, sabon adireshinsa, domin ɗalibai suna yawan ƙaura, takarda kuma tsohon gida za ta je, kwana 28 su cika bai sani ba.