Askar wanzami, reza mai baki biyu ko Gillette: amsa ga ɗan'uwan da ƙurajen aski suka dama

Assalamu alaikum. Shekaranjiya ɗan'uwanmu na Yelwa ya yi tambaya, na ga an yi ta jefa masa amsa guntu-guntu, wannan ya ce koma wurin wanzami, wancan ya ce sayi Gillette mai tsada ka huta. Abin da ya ce shi ne, ya samu aikin da dole ya riƙa zuwa da fuska a share, kwana bibbiyu yake aski, ga shi wuyansa da ƙasan haɓarsa sun cika da ƙuraje har wasu suna ɗurar ruwa. Tsakanin askar wanzami, da reza irin ta iyayenmu da ake ɗaurawa a gidanta na ƙarfe, da Gillette mai baki uku ko biyar, wanne zai kama? Ƙanena, duka ukun sun bi ta kan fuskata, kuma na yi shekaru da irin wuyan nan naka, har ta kai ko zafin Afrilu ake yi sai na ɓalla maɓallin wuya don in ɓoye shi.

Kafin a zo ga kayan, sai ka san me ke kawo ƙurajen, domin a kansa zaɓin ya rataya. Gashinmu a murɗe yake tun daga saiwarsa. In kaifi ya yanke shi, bakinsa yakan zama tsini kamar ƙaya. Da ya fara tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko kuma in an yanke shi can ƙasa, ya rasa hanyar fita ya ci gaba da girma a ciki. Jiki kuwa sai ya ɗauke shi kamar sartse, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya bar baƙin tabo. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma jini ne ya ɓaci ba kamar yadda wasu ke faɗa. Ko rundunar sojan Amurka ta daɗe tana ba wasu sojojinta takardar likita ta ɗage musu aski saboda wannan matsala, akasarinsu baƙar fata. To ka ga abin da muke nema ba askin da ya fi sumul ba ne. Wanda zai yanke gashi daidai da fata ya bar shi nan muke nema.

A nan Gillette mai baki da yawa ta faɗi a wurina. Kamfanin ya fito da mai baki biyu a jere a 1971, mai uku da ake kira Mach3 a 1998, mai biyar a 2006. Hikimar ƙirar ita ce bakin farko ya ɗan fizgo gashin sama, na bayansa ya yanke shi kafin ya koma, sai guntun ya nutse ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan daɗi ne, fuska ta kwana sumul. Ga ni da kai, shuka ƙurji ne da hannunka. Ƙari a kan haka, ja ɗaya da mai baki biyar kamar ka kankare wurin sau biyar ne, ka kuwa san ba ja ɗaya muke yi ba. Ban hana ta haƙƙinta ba: tana da sauri, kanta yana lanƙwasa ya bi ƙashin muƙamuƙi, da wuya ta yanke ka ko da asuba ne babu wuta kana haskawa da fitilar waya. Amma kan nata da ake canzawa tsada ne da shi, tsadar nan kuma ita ke sa mutum ya yi wata guda yana jan abu dakusasshe, gashi da busasshen sabulu sun toshe tsakanin bakunan. Su kansu masu kamfanin daga baya sun fito da wata mai suna SkinGuard, baki biyu da kariya a tsakani don kada ta yanke gashi ƙasa da fata, domin masu ƙurajen aski. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka sun san da maganar. In dai ta roba za ka saya a yar, BIC mai baki ɗaya, wadda ta fito tun 1975, ta fi mana mai biyar ɗin alheri, ga ta da araha.

Sai reza mai baki biyu, wato ta iyayenmu mai kaifi ta gefe biyu da ake ɗaurawa a gidan ƙarfe. Abin dariyar shi ne ita ma ta Gillette ce tun asali. King Camp Gillette ya samu takardar mallakar ƙirarta a 1904, ta kuma yaɗu bayan da aka raba wa sojojin Amurka ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta farko tsatsa take yi in ba a busar da ita ba, sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa. Ita ce dai rezar nan da kowane mai tebur ke sayarwa, Tiger, Dorco, Super-Max, ko Nacet mai hoton kada da muka taso muka gani a aljihun iyayenmu. Mu mun fi saninta da yanke farce da fiƙe fensir, mun manta an yi ta ne don a sa ta a gida. Gidan nan iri biyu na sani: wanda ake kwance mariƙinsa ya rabu uku, da wanda ake murɗa gindinsa kansa ya buɗe kamar ƙofa mai ƙyaure biyu. Kowace reza tana shiga kowane gida, babu wanda ya ɗaure ka da kamfani ɗaya. Nawa a wurin wani ɗan koli na same shi a kasuwar Wunti da ke Bauchi, bayan na yi ta yawo, shekara da shekaru ke nan yana nan. In za ka saya ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka kuma ɗaura reza ka duba ko bakin ya leƙo daidai ta ɓangarorin biyu. In gefe ɗaya ya fi fitowa, ajiye musu kayansu.

Idan ka jera ta da Gillette, ta fi ta a abu uku: baki ɗaya ne ke taɓa fata a kowane ja, ba ta fizgo gashi, kuma kuɗin kan Gillette guda zai saya maka rezar da za ta daɗe tana yi maka aiki, don haka ba ka jin ciwon yar da ita bayan aski uku ko huɗu. Inda Gillette ta fi ta shi ne ita wannan sai an koya. Kanta ba ya lanƙwasa, hannunka ne zai nemo kwanar, wajen digiri 30 tsakanin bakin da fata. Ba a danna ta, nauyin ƙarfen ya isa. Ranar da na fara, danna ta na yi kamar yadda na saba da ta roba, na fito masallacin Juma'a da ɗigon jini uku a wuyan farar riga, wani dattijo yana tambayata ko ƙaho aka yi mini a maƙogwaro. Sati biyu hannu ya faɗa.

Askar wanzami kuwa, in ana maganar daɗin aski da iya hannu, ba ta da na biyu. Ina yaro duk safiyar Juma'a wanzamin gidanmu zai zo zaure, ya kwance zabira, ya fito da aska ya wasa a dutse, ya goga a fata, ya tsoma hannu a ruwa ya yi ta murza kan mahaifinmu har gashin ya yi laushi, ko sabulu babu. Kafin a gama hira kai ya yi ƙwal. Shi ya yi mana askin suna, shi ya yi mana kaciya, sana'a ce ta gado mai Sarkin Aska da tsarinta, ban kuma yarda a raina ta ba. Amma tambayarka a kan wuya ce, kuma a nan akwai abu biyu. Na farko, wanzami yakan ja fata da yatsa ta miƙe sannan ya bi da aska, in ya saki sai gashin ya koma ciki. Sumul ɗin da ake yabonsa da shi, shi ne abin da wuyanka ba ya so. Sai dai in za ka iya ce masa ya bi kwanciyar gashi sau ɗaya ya bari, kuma ka san gaya wa gwani yadda zai yi aikinsa ba ƙaramin abu ba ne, wanzami ai ba ya son jarfa. Kuma mai aski kwana bibbiyu ba zai yi ta sintiri wurin wanzami kafin ya tafi aiki ba.

Na biyun ya fi nauyi. Askar da ta bi kan wani ta zo kanka hanya ce ta ciwon hanta nau'in B, wanda ƙwayarsa ke iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ma ba ya gani. Gogawa a fata ko a tsumma ba ta kashe ta, ɗan fesa sifirit a share nan take ma bai isa abin dogaro ba. Allurar rigakafinsa sai a 2004 ta shiga jerin na jarirai a Najeriya, don haka duk wanda ya girmi wannan shekarar, in bai je da ƙafarsa an yi masa ba, a buɗe yake. Kai kuma da ƙuraje a wuya, dole aska ta fasa wasu. Alhamdu lillahi wanzamai da yawa yanzu suna riƙe da aska mai ɗaukar rabin reza, a karya sabuwa a gabanka a sa, a gama a yar. Wannan ita ce na yarda da ita. In ta gargajiyar kake so, sayi taka, ka riƙa zuwa da ita kana komawa da ita. Ni haka nake yi in zan yi ƙwal-kwabo, don ƙeya ba wurin da mutum zai aske wa kansa da kaifi ba ne.

Duk wadda ka zaɓa, rabin aikin kafin kaifi ya taɓa ka ne. Jiƙa wurin da ruwan ɗumi minti biyu zuwa uku, ko ka yi askin bayan wanka. Askin busasshiyar fuska da hunturu, lokacin da fata ke fari tana tsagewa, neman magana ne. Kumfar gwangwani ba dole ba ce. Man aski na tub ko sabulun aski sun fi ta santsi, sabulun salo ma yana yi, sai dai yana busar da fata in ba ka bi da mai ba. In ruwan rijiyarku mai zartsi ne za ka ga sabulu ya ƙi kumfa, laifin ruwan ne. Burushi yana taimakawa ƙwarai, domin yana tayar da gashin da ya fara lanƙwasa. Amma ka lura, burusan aski masu araha da yawa da gashin alade ake yin su, masu tsadar kuma da gashin wata dabba dangin dage. Nemi na roba mai laushi, ya fi saurin bushewa, hankalinka kuma a kwance.

Ka bar gashin ya ɗan tofo ka shafa da yatsa ka gane inda ya kwanta. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya kowa da nasa, wani sama, wani gefe, wani ma kamar guguwa. Ka bi shi, kada ka tare shi, kada ka ja fata, kada ka maimaita wuri babu kumfa. Ka gama ka wanke da ruwan sanyi, ka jiƙa ɗan dunƙulen alif, shi dai wanda ake sa wa a ruwa ya kwantar da laka, ka goga. Yana tsayar da ɗan jini, kuma duk inda ya yi maka raɗaɗi nan ne ka danna. Bayan minti ɗaya ka ɗauraye, ka shafa man kaɗe kaɗan. Sifirit da turaren bayan aski masu zafi na daina su, zafin ba magani ba ne.

Garin askin nan na Magic da wani cikin masu ba ka amsa ya ambata ba aski ba ne, narkar da gashi yake, shi ya sa ba ya barin tsini. Wasu ya karɓe su. Amma in ka wuce mintunan da aka rubuta a jikin gwangwanin zai ƙona ka, kuma ba a sa shi a fatar da ke da ƙurji ko rauni.

To ƙanena, da ni ne kai, zan ajiye mai baki biyar ɗin yau. Zan samu shugabana a wurin aiki in nuna masa wuyan, in roƙi sati uku ko huɗu ba kaifi, ina rage gashin da kilifa tawa ta kaina, wadda ke barin ɗan tsiro. Gashin da ya shige fata a ɗago bakinsa da allura mai tsabta, ba a tuge shi ba. In wuri ya lafa sai in fara da reza mai baki biyu, ja ɗaya kawai, ko da fuskar ba ta yi sumul kamar da ba. In kuwa ƙurajen suna ɗurar ruwa bayan hutun, ko ka ga masu tauri sun fara fitowa a ƙeya suna haɗewa, kada ka bari a shafa maka man birki ko wani haɗin kasuwa, ka je asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi ka nemi likitan fata, ka kuma yi gwajin ciwon hanta tunda ka je. Tsofaffin rezoji kuma ka huda gwangwanin madara ka riƙa jefa su ciki, in ya cika ka toshe bakin, saboda yara da masu tsintar bola.