Ragar waya ta aiki: ta walda ko saƙaƙƙiya, wacce za ka saya?

Raga biyu na iya kama da juna daga nesa, ido ɗaya, faɗi ɗaya, amma ɗaya ta yi shekara ashirin a tsaye, ɗayar kuwa damina biyu ta cinye ta. Bambancin yana cikin kaurin waya da abin da aka lulluɓe ta da shi, abubuwan da mai saye ba ya cika tambaya. Shi ya sa kafin a zo maganar kuɗi, gara ka san aikin da kake so ragar ta yi: tsarewa, tacewa, ko ɗaukar nauyi.

Ta walda ita ce wadda aka jera wayoyi tsaye da kwance, aka liƙe kowace mahaɗa da wutar lantarki. Tana da tauri, idonta ba ya motsi, kuma in ka yanke ta ba ta warwarewa. Ita ake sa wa a matsayin garkuwar injin, da shingen ɗakin ajiya, da keji, da cikin kankaren daɓe. Saƙaƙƙiya kuwa wayoyin suna hawa kan juna ne suna sauka, babu walda, don haka tana lanƙwasuwa kuma ana iya yin ta da ido ƙanƙane ƙwarai, har wanda ba ka gani sai ka ɗaga ta ga haske. Yawancin aikin tankaɗe da tace ruwa, mai, ko gari nata ne. Aibinta ɗaya, bakin da aka yanke yana zarewa sai an kama shi da firam. Akwai kuma wadda ba waya ba ce sam: farantin ƙarfe ne aka tsattsaga aka ja shi ya buɗe. Wannan ta fi dacewa da wurin takawa da matakala, domin tana riƙe ƙafa kuma ruwa ba ya kwanciya a kai.

Inda aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa shi ne lambar raga. In aka ce raga mai lamba 10, ana nufin ido 10 a tsawon inci ɗaya, wato milimita 25.4. Lambar ba ta gaya maka girman idon ba. Ɗauki lamba 10 ɗin nan: da waya mai kaurin milimita 0.5, idon zai kai milimita 2.04, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari na ragar fili ne. Da waya mai milimita 1, idon ya koma 1.54, filin ya sauko kusan kashi 37. Lamba ɗaya, amma ta farko za ta wuce da kaya da sauri ta mutu da wuri, ta biyu za ta daɗe amma ta riƙa toshewa tana rage wa injin gudu. Don haka kada ka ce “ba ni lamba 10” ka tsaya. Faɗi girman ido da kaurin waya, duka a milimita. Geji ma, wato lambar kaurin waya, yana ruɗa mutane: lamba na hawa, waya na sirancewa, kuma gejin Ingila da na Amurka ba su zo ɗaya ba.

Sai maganar tsatsa, wadda a ganina ta fi komai cin kuɗin mai saye. Baƙin ƙarfe tsirara ya fi araha, kuma ba laifi a cikin kankare ko a ɗaki busasshe. A waje kuwa sai mai rufin tutiya. Nan ma iri-iri ne. Wadda aka yi wa rufi da lantarki tana sheƙi, tana da kyau a ido, amma rufin siriri ne. Wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 ta fi kauri, ko da ta fito da ɗan gurji-gurji da launin toka. Tambayar da za ka yi wa mai kaya ita ce: an tsoma kafin walda ne ko bayan walda? In kafin ne, zafin walda ya ƙone tutiyar a kowace mahaɗa, kuma daga nan tsatsa za ta fara, ja-ja a kan kowane gicciye. Duba mahaɗar da kyau. In tutiya ta cike kusurwar kamar an ɗiga mata dalma, bayan walda aka tsoma.

Ƙarfe maras tsatsa shi ne na wurin abinci, magani, da sinadarai. Nau'insa da ake kira 304, mai kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel, ya isa yawancin aiki. Inda akwai gishiri ko kulorin, 316 ake nema, saboda ɗan molibdinam da aka ƙara masa, kashi 2 zuwa 3. A ido ba ka bambance su, kuma gwajin maganaɗisu da ake yi a bakin shago ba hujja ba ce, domin wayar 304 da aka ja tana iya ɗan kama maganaɗisu. Nemi takardar shaidar masana'anta. Kuma kada ka ɗaure ragar da ba ta tsatsa da ƙusa ko noti mai tutiya a wuri mai laima. Su ne za su fara ruɓewa.

Ragar kankare lissafinta a bayyane yake. A tsarin Birtaniya, ragar da ake kira A142 rodi ne na milimita 6 a tazarar milimita 200, A193 na 7, A252 na 8, A393 na 10. Wacce za a sa, injiniya ne zai faɗa, ba mai shago ba. Abin da ke hannunka shi ne ka tabbatar an ɗaga ta a kan 'yan tallafi kafin a zuba kankare. Ragar da ta kwanta a ƙasa an binne kuɗi ne kawai.

Masu fasa dutse da tankaɗe tsakuwa nasu daban ne. Suna bukatar wayar ƙarfen sifirin wadda aka lanƙwasa tun kafin saƙa, don girgizar injin kada ta gusar da ido. Ta walda ba ta jure wannan girgiza, mahaɗarta ke fara tsinkewa.

Ranar da kaya suka iso, auna waya da ma'aunin kauri a wuri biyu ko uku, sannan ka ɗora naɗin a sikeli ka gwada da nauyin da aka rubuta. In mai rufin roba ce, cire robar ka auna ƙarfen da ke ciki, domin kaurin da ake faɗa sau da yawa har da robar aka haɗa. Ka kama mahaɗa ɗaya da fulaya ka murɗa: in waldar kirki ce, waya ce za ta lanƙwashe, mahaɗar ba za ta ɓalle ba.