Teburin ƙarfe 6 ko na 8 da rabi: abin da ya same mu a jirgin ruwa

Tun da muka dawo, duk matar da ta shigo yi mana barka da sauka sai ta tambaye ni, "Hajiya, wai a kan ruwan nan, me kuka riƙa ci?" Abinci kam akwai shi har ya gundure mu. Lokacin cinsa ne ya so ya ja mana abin da ba mu shirya ba, kuma ni ce na zaɓi lokacin da bakina.

Na yi shekara 31 ina aikin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, nan tsakanin Gumel da Maigatari, kafin na yi ritaya. Malam manomi ne, gero da riɗi, kuma ya kai shekara 9 yana fama da ciwon sukari. Babban yaronmu, wanda muke ce wa Abba, likita ne a Ingila. Ƙanwarsa tana aure a Amurka, ita ce ta haihu muka tashi zuwa ganin jika. Daga Abuja zuwa Landan, zaman awa 6 da ɗoriya a jirgin sama ya sa ƙafafun Malam suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya ce shi kam ba zai sake naɗe ƙafa a kujera ya tsallaka wani tekun ba, sai dai a mayar da shi gida ya ga girbin geronsa. Shi ne Abba ya nemo mana jirgin ruwa irin na shaƙatawa, daga tashar Southampton zuwa New York, kwana 7 a kan Tekun Atlantika, shi ma ya ɗauki hutu ya raka mu.

Ina zaune a falonsa yana cike takardun a kwamfuta, ya ɗago ya ce, "Inna, abincin dare zama biyu ake yi. Akwai na ƙarfe 6, akwai na 8 da rabi. Wanne za a sa muku?" Dariya na yi. Ƙarfe 6 ai ko kaji ba su shiga akurki ba, a gidanmu lokacin ne ake tuƙa tuwo. Malam bai taɓa sa loma a baki kafin Magariba ba, sau da yawa ma sai an idar da Isha'i ake fitar masa da akushi ƙofar gida su ci da maƙwabta. Na ce a sa na 8 da rabi. Shafin kamfanin bai ce komai ba game da canjin agogo, tambaya ce kawai mai gurbi biyu, ka danna ɗaya ka wuce. Wannan shi ne ƙorafina na farko a kansu, domin su sun san hanyar da jirginsu zai bi.

Mu a nan ba mu saba da wannan lissafi ba. Daga Legas har Maiduguri agogo ɗaya ne, ka tsallaka iyaka ta Maigatari ka shiga Nijar ma ba ka taɓa agogonka. Sai wanda ya je aikin Hajji ya san Saudiyya ta riga mu da awa 2. A watan Satumba da muka yi tafiyar, agogon Ingila daidai yake da namu, don suna kan lokacinsu na bazara har zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. New York kuwa tana bayanmu da awa 5. Abba ya zana mini a bayan takarda: duniya tana kammala juyinta na digiri 360 a cikin awa 24, saboda haka duk digiri 15 da ka matsa yamma, rana ta makara maka da awa guda. Jirgin sama yana haɗiye awa 5 ɗin nan a zama ɗaya. Jirgin ruwa gutsura yake yi, a darare 5 cikin 7 ana ja da agogo baya da awa ɗaya, sai yininka ya zama awa 25. Da daddare za ka tarar da ɗan kati a kan gado yana tuna maka, da Turanci, rubutun ƙanana.

Ni na riƙa gyara agogona. Malam ya ce agogonsa agogon Gumel ne, da shi yake sanin lokacin da yara za su ba raguna dusa da lokacin da za a tayar da sallah a masallacin ƙofar gidansa, ba mai taɓa masa shi. Ban ja da shi ba. Abin da ya shige mini duhu, ni da na ƙare rayuwata ina yi wa mutane faɗa a kan shan magani, shi ne da wannan agogon yake shan ƙwayarsa ta yamma. A gida ƙarfe 8 yake haɗiye ta, kafin ya wanke hannu an ajiye tuwo.

Daren farko lafiya lau. Na biyu ya yi ta hamma a tebur, na ɗauka iskar teku ce. A yamma ta uku tazarar ta kai awa 2. Agogonsa ya nuna 8, ya sha magani, alhali a jirgi ƙarfe 6 ne, kuma rabonsa da abinci tun rana. Su kuma a ɗakin cin abincin nan, 8 da rabi lokacin buɗe ƙofa ne. Sai an zaunar da ku, an kawo takardar jerin abinci, an zo an rubuta, an kawo burodi da ɗan romo, kafin babban faranti ya iso 9 ta gota. Muna ɗaki wajen 8 saura a agogon jirgi, yana ƙoƙarin sa hula, na ga hannunsa yana rawa, goshinsa ya jiƙe da gumi a ɗakin da sanyin na'ura ke kaɗawa. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Ba komai, jirgin ne ke lilo." Jirgi kuwa ko motsi ba a ji. Na zaro na'urar gwaji daga jaka na soki yatsarsa, ta nuna 61. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 sukari ya faɗi ke nan. Na ba shi dabino 3 cikin wanda muka taho da shi, Abba ya ruga ya kawo ruwan lemo, bayan minti 15 muka sake gwadawa ya hau. Da Abba ya bi diddigi ya gano zancen agogo, ya rasa wa zai yi wa faɗa tsakanin uwa da uba, sai ya hau yi wa kansa.

Washegari da safe muka je wurin shugaban masu hidimar ɗakin abinci neman a mayar da mu zaman ƙarfe 6. Mutumin ya saurare mu da ladabi, amma ya ce zaman farko ya cika, sai dai ya rubuta mu a layin jira. Ashe tsofaffi da masu magani duk shi suke rububi tun wajen yankan tikiti. A wannan daren sai muka hau sama, ɗakin da ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, wanda kusan kullum a buɗe yake. Kwana ɗaya muka yi a haka aka samo mana gurbi a teburin mutum 6, tare da wasu dattawa mata da miji da suka sha yin wannan hanya. A ganina wanda ya zo da dalilin rashin lafiya bai kamata ya kwana a layi ɗaya da wanda ke son ya gama da wuri don ya je kallon wasa ba. Ƙorafi na biyu ke nan.

Da muka koma ƙarfe 6 sai jikinmu ya saki. Dalilin a fili yake. Mai tafiya yamma cikinsa yana gaban agogon jirgi, kullum yunwa da barci suna riga lokaci zuwa. Jiki yana bin sabon lokacin, amma a hankali, balle jikin tsoho da ya yi shekara 70 yana tashi da kiran assalatu ɗaya. Mu tun 4 na dare idonmu biyu, kafin 9 na dare mun zama gawa. A ranar ƙarshe, ƙarfe 6 na jirgi 11 na dare ne a gida, 8 da rabi kuwa 1 da rabi na tsakar dare.

Sai dai zaman farko ya zo da tasa matsalar, wato Magariba. A takardar shirye-shiryen da ake turowa ɗaki kowace rana ana buga lokacin fitowar rana da faɗuwarta, ita ce ta zama mana ladan. Faɗuwar ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya: jirgi ya yini yana bin rana yamma sai ta ƙara jinkiri, a ja agogo baya da dare sai ta dawo da wuri. Kullum dai tana faɗawa ne a tsakiyar zamanmu ko dab da ƙarshensa. Abba ya ce ai matafiya ne mu, a haɗa ta da Isha'i. Malam ya ce a abin da ya karanta a zaure na Malikiyya, ƙasaru ta halatta a kan ruwa, amma rangwamen haɗa salloli biyu na matafiyin tudu ne, shi zai yi kowacce a kan lokacinta. Ban shiga tsakaninsu ba. Abin da muka yi, muka gaya wa yaron da ke kula da teburinmu, shi kuma ya riƙa gaggauta mana babban faranti. Malam ya ci, ya tashi ya je ɗaki ya yi sallah, ni ma na bi bayansa, mu dawo mu tarar an rufe mana 'ya'yan itace da shayi. Alƙibla ba ta ba mu wuya ba. Tunda jirgi yamma ya nufa, gabas tana wajen bayansa, Abba yana ƙara daidaita mana da waya.

A nan ne zan yaba musu. Amfanin tsayayyen tebur shi ne ma'aikaci ɗaya ne ke tare da kai har ku sauka. Yaron nan, ɗan ƙasar Filifin, a dare na biyu ya riga ya haddace cewa ba ma cin naman alade, ba ma son abin da aka dafa da giya, Malam ba ya shan zaƙi. Kowane dare yakan kawo mana jerin abincin gobe mu zaɓa tun yau, ya nuna da biro wanda aka sa wa giya a miya. Naman halal sai an sanar da su tun kafin tafiya, mu kuma mun makara, don haka kifi muka fi ci, da shinkafa da dankali da ganye. Kifin ba laifi, sabo ne, sai dai girkinsu salam yake kamar na majinyaci. Ɗan kwalbar yajin da na ƙulla a jaka shi ya fitar da mu kunya, har dattijuwar teburinmu ta roƙa ta barbaɗa, ta yi ta tari tana dariya. Malam da ya yi ta fargabar za a ce sai ya sa kwat, babbar rigarsa ya saka a daren da suke cancaɗa ado, ba wanda ya ce masa kanzil sai masu neman hoto. A ɗakin ɗibi-da-kanka ba ka samun wannan kulawa, kai za ka yi ta tambaya a kan kowace tukunya, amma ga mai sukari yana da kyau ya san hanyarsa tun ranar farko, ko don tsakanin rana da dare.

Kuɗin abincin yana cikin tikiti. Lemon kwalba da intanet daban ake biya, kuma akwai kuɗin hidima da suke ɗorawa a kan kowane mutum kullum, wanda sai a ƙarshe za ka ga ya taru.

Da za a sake tambayata a falon nan, sai na fara tambayar ina jirgin ya dosa. In yamma ne, ƙarfe 6, kuma a kama gurbin tun ranar biyan kuɗi. In gabas ne, daga Amurka zuwa Ingila, lissafin juyawa yake: tura agogo gaba ake yi, yini ya koma awa 23, ƙarfe 6 ta riske ka abincin rana bai gama faɗawa ba. Abokan teburinmu sun ce su a dawowa zama na biyu suke ɗauka, na kuma yarda da su, don na tuna kwanakinmu na farko a Madina, ana kawo abincin dare muna ganin kamar yanzu aka yi La'asar. Mai shan maganin sukari ko allurar insulin kuwa ya zauna da likitansa kafin ya tashi, a tsara masa shan maganin da cin abinci, a bar zancen ƙarfe kaza. Wayar hannu ma kada a dogara da ita, a tsakiyar teku takan tsaya a tsohon lokaci, ko ta ɗauko wani daban, alhali komai na jirgi da agogon jirgi yake tafiya.

Malam dai bai taɓa agogon Gumel ba har muka sauka. Abba ne ya shiga kantin cikin jirgi ya sayo masa wani mai araha, ya riƙa ɗaura biyu, ɗaya a kowane hannu. Na jirgin yana nan rataye a ƙusa a ɗakinsa, har yau a kan lokacin New York, wai da shi yake gane ko jikarsa ta tashi daga barci kafin ya sa a kira masa uwarta. Na gaya masa ranar Lahadin farko ta Nuwamba Amurkawa za su ja nasu baya, tazarar ta koma awa 6. Ya ce in ranar ta zo na tuna masa.