Cibiyar koyon harsuna a Garwa: Jojiyanci ya ci kuɗinsa, na Siloveniya da saura

A wajen Yelwa, nan Garwa ta arewacin Kamaru, akwai wata ƙaramar cibiya da ke haɗa ɗalibai da malaman harsuna ta intanet. Ɗaki biyu ne, kwamfutoci a jere, ga fanka, ga sola. Duk wanda ya san zafin Garwa a watan Afrilu da yadda wuta ke ɗaukewa ya san solar nan ba ado ba ce. Yawancin masu zuwa Jamusanci da Turkanci suke nema. Mu abin da ya kai mu daban ne. Ɗan ƙanwata ya ci bak, jarrabawar kammala sakandare, bara, yana son karatun likita, ana ta ja-in-ja a gida tsakanin Tibilisi ta Jojiya da Liyubliyana ta Siloveniya. Na biya masa watan gwaji a harsunan biyu, sefa 15,000 kowanne, na riƙa zama gefensa, don ni nahawu nake koyarwa, ba zan yarda in ji wannan a bakin wani ba.

Tun daga takardar tallarsu na fara ƙorafi. Sun zuba harsunan biyu a layi ɗaya, wai "harsunan gabashin Turai". Ko kusa ba su haɗa kaka ba. Na Siloveniya, mai mutum wajen miliyan 2, ɗan'uwan Kuroshiyanci da Rashanci ne, can nesa ma yana da jini da Faransancin da muke yi. Jojiyanci kuwa, mai kusan miliyan 4, danginsa 'yan kaɗan ne a yankin tsaunukan Kaukasus: Mingirel, Laz da Siban.

Darasin Jojiyanci kai tsaye ake yinsa, da wata malama a Tibilisi mai jin Faransanci. Haruffa 33 ne, masu lanƙwasa, ba babba ba ƙarami, kowanne da sautinsa guda. Ganin farko yana tsorata mutum, amma kafin watan ya raba yaron yana haɗa baƙi. Inda abin ya yi mini daɗi shi ne furuci. Jojiyanci cike yake da sautukan da ake matse maƙogwaro a fitar, waɗanda malamar ta ce baƙi kan daɗe suna fama da su. To biyu daga ciki muna da su tun a goye: ƙ na ƙasa da ts na tsuntsu. Da yaron ya faɗe su daidai a karon farko, sai ta tsaya ta ce ya sake. Abokan zamansa da suka tashi da Fulatanci da Faransanci har yau suna kokawa. Kalmar ruwa a wurin 'yan Jojiya kusan "tsƙali" ce, sai dai ƙ ɗin ya fi namu nitsewa cikin maƙogwaro.

Ba kuma su raba namiji da mace a nahawu, lamiri ɗaya ke ɗaukar shi da ita. Ƙirga da ashirin-ashirin suke yi, 80 ashirin huɗu ce kamar a Faransanci, 50 kuma ashirin biyu da goma. Wahalar tana cikin aikatau, wanda kan haɗiye mai yi da wanda aka yi wa cikin kalma guda, sai kuma baƙaƙe da ake jerawa biyar ko shida babu wasali. Malamar ba ta ɓoye wannan ba, kuma tana gyara kuskure nan take. Ranar 14 ga Afrilu ta ajiye darasi ta ba mu labarin 1978, lokacin da jama'a suka cika titunan Tibilisi har hukumomin Tarayyar Sobiyat suka fasa cire wa harshen matsayinsa a kundin mulki.

Ɓangaren Siloveniya ne ya ba ni haushi. Babu malami, bidiyoyi ne da aka naɗa, bayanin kuma da Ingilishi, a garin da makaranta Faransanci ce. An fara da tarihin Primož Trubar, wanda ya buga littattafan farko da harshen a 1550, yau hotonsa ke kan kwandalar Yuro 1 ta ƙasar. Haruffa 25 ne na boko, da č, š da ž, shi ya sa yaron ya ɗauka ya samu banza.

Da aka iso adadi sai ya rikice. Harshen ba tilo da jam'i kaɗai yake da su ba, akwai siga ta musamman ga abu biyu: "mu biyu" daban da "mu" na mutum uku, aikatau ma ya canza. Bidiyon ya yi ta kewaye-kewaye. Yaron ya juyo ya ce, "Kawu, ni fa ban gane ba." Na ce, "Musanna ne, ɗana, kamar kitabani, littafi biyu a Larabci." Nan take ya kama. Haka ƙarshen suna da ke sauyawa gida shida, i'irabi ne, sai dai Larabci raf'u, nasabu da jarru kawai ya sani. Jojiyanci ma yana da irin wannan, har gida bakwai. Ko 21 'yan Siloveniya ɗaya da ashirin suke cewa, tamkar wahidun wa ishruna. Malami mai rai da ya tambayi abin da ɗalibi ya karanta a zaure, da ya rage masa rabin hanya. Ga jinsi uku, ga inda ake danna murya a kalma ba a nuna shi a rubutu, kuma ba mai sauraronka ya ce ka yi kuskure.

Abin da ya sa wannan ya dame ni: jami'o'in Jojiya da dama suna karantar da likitanci da Ingilishi, Jojiyancin don hira da marasa lafiya da kasuwa ake buƙatarsa. A Liyubliyana kuwa galibin karatun da harshen ƙasar ne. Wato harshen da ya fi buƙatar malami na gaske shi aka bar wa bidiyo, a kan kuɗi ɗaya.

Na faɗa wa mai wurin haka. Mutumin kirki ne, ya saurara, ya ce, "Malam, muna neman wanda zai koyar." Na sake biyan Jojiyanci, na ƙara da Ingilishi, na ce masa in malamin Siloveniya ya samu ya aiko mini, kafin nan kuma ya rage kuɗin bidiyon.